Paul Ehrlich: Likitan da ya shigo da rini cikin asibiti, ya kuma ce ba a yarda da magani sai an auna shi

Duk wanda aka taɓa turawa ɗakin gwaje-gwaje na babban asibitin Agadas, ko na Arlit, ko wani asibiti a Maraɗi da Kano domin a duba majinar tarinsa, ya ci moriyar aikin wani mutum da ya mutu fiye da shekara ɗari da suka wuce.

Ma'aikacin ɗakin gwajin zai shafa majinar a kan ɗan gilashi, ya zuba mata jan rini, ya ɗumama, ya wanke da ruwan asid, sannan ya bi da shuɗin rini. Idan ya leƙa madubin likita ya ga 'yan jajayen sanduna kwance a kan shuɗin fili, to ƙwayar tarin fuka ce. Akwai injinan zamani da ke yin wannan gwaji a yanzu, amma har gobe ba a daina rina majina ba, musamman wajen bibiyar wanda ya fara shan magani.

Mutumin da ya buɗe wannan hanya shi ne Paul Ehrlich, Bajamushe, wanda ya rayu daga 1854 zuwa 1915. An fi saninsa da maganin tunjere da kuma kyautar Nobel da ya samu a 1908. Sai dai aikinsa da ya fi shafar rayuwar mutanenmu a yau ba shi ne aka fi yayatawa ba. Shi ne mutumin da ya nace cewa duk abin da aka ciro daga jikin mai rai, rini ne ya nuna shi ko magani aka yi da shi, ba a dogara da shi sai an gwada shi da wani ma'auni da kowa ya sani.

Yaron da hannunsa ba ya rabo da launi

An haifi Ehrlich ranar 14 ga watan Maris na 1854 a wani ƙaramin gari mai suna Strehlen, a yankin Silesiya. A lokacin garin na ƙarƙashin Prussiya, yanzu kuwa yana cikin ƙasar Poland. Iyayensa Yahudawa ne masu rufin asiri. Mahaifinsa Ismar yana da masaukin baƙi, mahaifiyarsa kuma sunanta Rosa Weigert.

Ta ɓangaren mahaifiyar ce hanya ta buɗe masa. Yana da wani ɗan'uwa, Karl Weigert, wanda ya girme shi da shekara tara, likita ne mai binciken cututtuka a cikin tsokar jiki, kuma yana cikin mutanen farko da suka rina ƙwayoyin cuta domin su fito a madubi. A wurinsa Paul ya fara ganin yadda ake yanka tsoka siririya, ta fi fatar albasa rashin kauri, a zuba mata launi.

Lokacin kuwa ya dace. A 1856 wani matashi Bature a Ingila, William Perkin, ya haɗa wani rini da ba daga tsiro aka samo shi ba, daga dattin kwal ya fito. Kamfanonin Jamus irin su Hoechst da BASF da Bayer suka karɓi sana'ar, suka riƙa fito da sababbin launuka. Kamfanin BASF ne daga baya, a 1897, ya fara sayar da shunin kanti, wanda sannu a hankali ya rage wa baban rini daraja a duniya, har abin ya taɓa karofin Kano da na Kura, inda ake rina turkuɗi da rawunan da Abzinawa ke naɗawa.

Marinan Kura ba za su yi mamakin tunanin da ya kama Ehrlich ba. Sun san cewa rini ɗaya ba ya kama auduga da siliki da ulu iri ɗaya. Ehrlich ya ɗauki wannan sanin ya kai shi cikin jikin mutum. Idan wani rini ya kama wani sashe na ƙwayar halitta ya bar wani, to akwai wani abu a wurin da ya dace da rinin, kamar yadda ɗan makulli ya dace da kwaɗonsa. Kusan duk abin da ya yi a rayuwarsa daga wannan tunani ya tsiro.

Ya yi karatun likita a Breslau da Strasbourg da Freiburg da Leipzig. Ba ɗalibin da ke haskakawa a jarrabawa ba ne, teburinsa da yatsunsa kullum cikin launi suke. A 1878, yana da shekara 24, ya kammala digirinsa da rubutu a kan rina tsokar jiki, inda a ciki ya bayyana wata ƙwayar halitta da ba a santa ba, wadda yanzu aka san tana da hannu a borin jini da ƙaiƙayi.

Asibitin Charité da ke Berlin ya ɗauke shi aiki a ƙarƙashin Farfesa Frerichs, wanda ya sakar masa mara ya ci gaba da bincikensa. A nan ya ƙirƙiro dabarar shimfiɗa ɗigon jini a kan gilashi, a busar, a rina. Da haka ya rarrabe fararen ƙwayoyin jini gida-gida: masu kama rini mai tsami, masu kama kishiyarsa, da masu tsaka-tsaki. Duk wanda ya taɓa karɓar takardar gwajin jini ya ga jerin sunaye da alƙaluma a ƙarƙashin fararen ƙwayoyi, rabon Ehrlich ne yake kallo.

Tarin fuka, a madubi da kuma a ƙirjinsa

Ranar 24 ga Maris na 1882, Robert Koch ya tsaya a gaban likitocin Berlin ya sanar cewa ya gano ƙwayar da ke haddasa tarin fuka. Wannan rana ce ake tunawa da ita duk shekara a matsayin ranar yaƙi da cutar ta duniya. Ehrlich yana cikin masu sauraro.

Hanyar da Koch ya bi wajen rina ƙwayar tana cin lokaci, kuma ƙwayar ba ta fitowa sosai. Cikin 'yan makonni Ehrlich ya fito da wadda ta fi ta. Ya lura cewa ƙwayar tarin fuka tana da wuyar kama rini, amma idan ta kama, ko asid ba ya wanke ta, alhali sauran abubuwan da ke cikin majina suna sakin launinsu. Wato wankin ne ke bambance ta. Daga baya likitoci biyu, Franz Ziehl da Friedrich Neelsen, suka ɗan sauya haɗin, kuma sunansu ne ya bi gwajin har yau.

A 1883 ya auri Hedwig Pinkus, 'yar wani attajiri mai masaƙa, suka haifi 'ya'ya mata biyu. Bayan mutuwar Frerichs a 1885 zama ya yi masa wuya a Charité, domin sabon shugaban yana son ya ga likitocinsa a bakin gadon majinyata, ba a gindin kwalaben rini ba. A 1888 ya rina majinarsa da kansa, ya ga ƙwayar da ya koya wa duniya ganewa. Ya ajiye aiki, ya tafi Masar da matarsa domin neman busasshiyar iska, bai koma ba sai 1889.

Zurma da idon zakara

Ya dawo Berlin ba shi da muƙami. Surukinsa ne ya taimaka masa ya buɗe ɗan ƙaramin ɗakin bincike na kansa, kuma a nan ya yi wani aiki da tsirrai biyu da duk wanda ya tashi a karkarar ƙasar Hausa ya sani: zurma da idon zakara. 'Ya'yan kowannensu na ɗauke da guba mai kisa.

Ehrlich ya riƙa ba ɓeraye gubar kaɗan-kaɗan yana ƙarawa, har suka kai ga jure ninkin-ba-ninkin abin da zai kashe ɓeran da bai saba ba. Ya nuna cewa jurewar tana cikin jininsu, kuma ana iya auna ta da lissafi. Abu na biyu shi ne ya fi muhimmanci: ɓeran da ya jure gubar zurma, idan aka ba shi ta idon zakara mutuwa yake yi. Kariyar da jiki ya haɗa ta san abokin gabarta ɗaya tak. A rubutun da ya yi a 1891 ne kalmar Jamusanci da ta haifi abin da yau ake kira antibodi ta fara bayyana, wato sinadarin garkuwa da jini ke haɗawa domin ya kama wani abu takamaimai.

Sai kuma gwajin da ya yi a 1892, wanda ya cancanci a koyar da shi ga duk ɗalibin kimiyya. An ga 'ya'yan ɓerar da ke da kariya su ma suna da ita. Gado ne ko kuwa? Ehrlich ya musanya jarirai tsakanin uwaye biyu, mai kariya da marar kariya. 'Ya'yan marar kariya da suka sha nonon mai kariya sun samu, waɗanda aka raba da nonon uwarsu mai kariya kuma tasu ta yi saurin raguwa. Ta haka ya tabbatar cewa nono na ɗauke da garkuwa. Duk lokacin da ungozoma ta ce wa mai jego kada ta zubar da dakashi, tana tsaye ne a kan ilimin da wannan gwaji ya fara buɗewa.

Mashaƙo da matsalar mudu

A 1890 Emil Behring da wani Bajapane, Shibasaburo Kitasato, suka nuna cewa ruwan jinin dabbar da ta jure gubar cuta yana iya kare wata dabbar. Nan take aka sa rai da maganin mashaƙo, cutar da ke toshe maƙogwaron yara, wadda a wancan zamani take kashe dubban yara duk shekara a Jamus.

Amma da aka zo yi wa yara, sai abin ya ƙi daidaituwa. Wannan kwalba ta yi aiki, waccan ba ta yi ba. Babu wanda ya san ƙarfin abin da ke cikin kowace. A 1891 Ehrlich ya koma cibiyar Koch, aka haɗa shi da Behring. Ya yi amfani da dabarar da ya koya a kan zurma, ya riƙa ƙara wa awaki gubar mataki-mataki har jininsu ya yi ƙarfi, daga baya aka koma dawaki saboda sun fi jini. A 1894 kamfanin Hoechst ya fara sayar da maganin.

Dangantakar mutanen biyu ba ta yi ƙarko ba. Behring ya yi arziki da maganin, ya kuma karɓi kyautar Nobel ta farko a fannin likitanci a 1901 shi kaɗai. Ehrlich ya daɗe yana jin an ci haƙƙinsa, kuma masu tarihi da dama na ganin yana da hujja.

Tun 1895 gwamnati ta fara duba kowane rukunin maganin kafin a sayar. A watan Afrilun 1896 aka gwada wannan tsari da gaske. Wani likita a Berlin, Robert Langerhans, ya yi wa ƙaramin ɗansa allurar domin riga-kafi, yaron ya mutu jim kaɗan. Uban ya wallafa a jarida cewa maganin ne ya kashe shi, hankalin jama'a ya tashi. Abin da ya ceci maganin shi ne lambar da ke jikin kwalbar. Da ita aka bi sawun rukunin, aka sake gwada abin da aka ajiye daga cikinsa, ba a sami gurɓata ba. A wannan shekara aka naɗa Ehrlich shugaban sabuwar cibiyar bincike da gwajin maganin a Steglitz, kusa da Berlin.

Matsalar da ya tarar tana da sauƙin fahimta ga duk wanda ya san kasuwa. Ana auna ƙarfin maganin ne da gubar mashaƙo, ita kuma gubar ba ta tsayawa yadda take, ƙarfinta na raguwa idan ta kwana biyu. Kamar a ce tiyar da ake auna hatsi da ita tana tsukewa da kanta duk mako. Masu sayen zinare a Agadas, tun da aka gano shi a Djado a 2014, sun san abin da sikeli marar gaskiya ke jawowa tsakanin mutane.

Ehrlich ya juya lissafin. Ya gano cewa maganin, idan aka busar da shi ƙayau aka rufe cikin kwalbar da aka zuƙe iskarta aka ajiye a wuri mai sanyi da duhu, yana daɗewa bai sauya ba. Sai ya mayar da wannan busasshen magani ya zama mudun asali. Duk lokacin da za a yi gwaji, da shi ake fara auna gubar da ke hannu: nawa za a haɗa da ma'auni ɗaya na mudun asali har ta kashe ɓeran Masar mai nauyin giram 250 cikin kwana huɗu? Idan an san wannan, sai a auna sabon maganin da wannan adadi na gubar. Ya wallafa hanyar a 1897. Bayan yaƙin duniya na ɗaya, kwamitin lafiya na Majalisar Ƙawancen Ƙasashe ya ɗauki ma'aunin nasa ya zama na duniya baki ɗaya.

Wannan ba tsohon labari ba ne. Lokacin da mashaƙo ta ɓarke a Kano daga ƙarshen 2022, ta kuma bulla a jihar Damagaram a 2023, maganin da likitoci suka riƙa nema, kuma ya yi ƙaranci a duniya, har yanzu daga jinin doki ake yin sa. Lambobin da ke jikin kwalbarsa, waɗanda likita ke dubawa kafin ya yanke ko yaro zai karɓi ma'auni 20,000 ko 100,000, jikokin mudun Ehrlich ne.

Inda rini da garkuwa suka haɗu

Ehrlich bai rayu ya ga an haɗa manyan ayyukansa biyu wuri ɗaya ba, amma sai an tsallaka gaba kaɗan a ga haɗuwar tasu kafin a gane nauyin abin da ya bari.

A 1941 wani likita a jami'ar Harvard ta Amurka, Albert Coons, ya liƙa wa antibodi rini mai walƙiya. Tunda antibodi abu ɗaya yake kamawa, duk inda launin ya tsaya a jikin tsoka, abin da ake nema yana wurin. A 1966 aka sami hanyar da ke barin launin ƙasa-ƙasa da ake gani a madubin yau da kullum, a 1975 kuma César Milstein da Georges Köhler suka gano yadda za a samar da antibodi iri ɗaya tak mai yawa a ɗakin gwaji.

Yau da wannan rini ake yanke hukunci a kan sankara. Idan aka ciro tsoka daga maman mace, ba ya isa a ce sankara ce. Sai an san ko ƙwayoyin suna da makarɓin sinadarin estrojin, wanda ake taƙaitawa da ER, ko kuma suna da HER2 da yawa. Harafin R da ke cikin sunayen biyu na nufin makarɓi, kalmar da Ehrlich ya shigo da ita cikin likitanci a 1900. Idan ER ya fito, macen na iya shan tamoxifen, ƙwaya mai sauƙin kuɗi da ake sha a gida shekara biyar ko fiye. Idan aka ce babu, ba za a ba ta ba.

To amma rashin launi na iya nufin abu biyu: ko babu abin da ake nema, ko gwajin ne ya mutu. Antibodi na lalacewa idan ya sha zafi ko ya tsufa. Tsokar ma na lalacewa. Ƙa'idar da ƙungiyoyin likitocin sankara da na binciken tsoka na Amurka suka shimfiɗa ita ce a jefa tsokar cikin ruwan fomalin kafin awa ɗaya da cirowa, ta zauna tsakanin awa 6 zuwa 72. Shi ya sa ɗakin gwaji mai kula ba ya rina tsokar majinyaci ita kaɗai. Yana haɗa ta da wata da aka san dole ta kama launi, da wata da aka san bai kamata ta kama ba. Kafin kuma a fara aiki da sabon antibodi na irin gwajin da ke zaɓa wa mutum magani, shawarar da aka fitar a 2014 ita ce a gwada shi a kan tsoka 20 da aka san suna da abin da 20 da ba su da shi, kuma sakamako ya dace da wanda aka sani aƙalla kashi 90 cikin ɗari. Mudun Ehrlich ne aka sake wa kama.

Ƙasashe masu kuɗi ma sun ƙone a wannan wuri. A lardin Newfoundland na Kanada, an gano a 2005 cewa gwajin ER ya shafe shekara takwas yana ba da amsar kuskure. Cikin majinyata 1,013 da aka sake gwada tsokarsu, 383 an ba su sakamakon da ba daidai ba, kuma da yawa sun rasa maganin da ya dace da su. Kwamitin Mai shari'a Margaret Cameron, a rahotonsa na 2009, ya ɗora laifin a kan rashin kula da tsoka da rashin tsarin tabbatar da ingancin gwajin.

A Afirka ta Yamma tambayar ta fi zafi. Wani bincike da aka wallafa a 2009 a kan tsokar mata daga Najeriya da Senegal ya sami ER a kusan kashi ɗaya cikin huɗu kawai. Wani da aka yi a Ibadan, aka wallafa a 2008, ya sami kusan biyu cikin uku. Wani nazari na 2014 da ya tattara binciken da aka yi a Afirka ya nuna cewa inda aka tattara tsokar da kulawa tun daga farko, adadin ya fi yawa. Wato wani ɓangare na abin da aka daɗe ana ɗauka halittar sankarar baƙar fata ce, na iya zama laifin kwalba da agogo.

Sai a yi tunanin Agadas. Tsakaninta da Yamai, inda cibiyar yaƙi da sankara ta ƙasa take, akwai tafiyar kusan kilomita 950, a garin da zafi ke haura maki 40 a watannin bazara. Tsokar da aka ciro a nan tana iya wuce awa 72 cikin fomalin tun tana hanya. 'Yan'uwa da ke Aljeriya ko Faransa ko Jamus su ne sau da yawa ke turo kuɗin aiki da na gwaji. Ba rashin kunya ba ne su tambayi likita yaushe aka sa tsokar a fomalin, kwana nawa ta yi, kuma ko an rina ta tare da ta gwaji.

Lamba 606

A 1899 aka mayar da cibiyar Ehrlich Frankfurt, a 1906 kuma wata attajira, Franziska Speyer, ta gina masa gidan bincike na biyu a gefenta. A nan ya koma kan tsohon tunaninsa: idan rini na iya zaɓar ƙwayar cuta ya bar tsoka, me zai hana a sami sinadarin da zai zaɓe ta ya kashe? Tun 1891 ya gwada wani shuɗin rini a kan mutum biyu masu zazzaɓin cizon sauro a Berlin, suka sami sauƙi. A 1904 shi da Kiyoshi Shiga suka sami jan rinin da ke warkar da ɓeraye daga ƙwayar cuta dangin wadda ke sa ciwon barci ga mutane da sammore ga shanu da raƙuma. A kan waɗannan ƙwayoyi ne ya lura cewa cuta na iya sabawa da magani har ya daina kashe ta.

Wannan babi yana da baƙin shafi. Wasu daga cikin magungunan arsenik da suka fito daga ɗakinsa an aika su ga likitocin mulkin mallakar Jamus, aka gwada su a kan masu ciwon barci da aka tsare a sansanoni a Togo da gabashin Afirka, ba tare da an nemi yardarsu ba. Wasu sun makance, wasu sun mutu. Mutumin da ya yi taka-tsantsan a kan yaran Berlin ya karɓi rahotannin waɗannan sansanoni ya yi aiki da su, kuma littattafan da ke yabonsa ba su cika tsayawa a nan ba.

A 1905 aka gano ƙwayar tunjere. A 1909 wani Bajapane, Sahachiro Hata, ya zo Frankfurt da ƙwarewar sa wa zomaye cutar, Ehrlich ya sa shi ya sake bin sinadaran arsenik da aka riga aka haɗa ɗaya bayan ɗaya. Mai lamba 606, wanda aka haɗa tun 1907 aka ajiye gefe, shi ya warkar da zomayen. An sanar a taron likitoci a Wiesbaden a watan Afrilun 1910. Kafin a fara sayar da shi da sunan Salvarsan a ƙarshen shekarar, Ehrlich ya raba wa likitoci kimanin kwalba 65,000 kyauta, da sharaɗin su turo masa bayanin abin da ya faru da majinyatansu. Ya riƙa bin rahotannin da kansa, yana rubuta wa ma'aikatansa umarni a kan 'yan katuna da fensira masu launi, taba sigari ba ta barin hannunsa.

Maganin yana da wuyar sha'ani. Iska na mayar da shi guba, sai an narkar da shi da tsaftataccen ruwa an yi allurar nan take. An sami mace-mace, aka kuma taso shi a gaba a jaridu, wasu don tsoron maganin, wasu don ganin cewa sauƙaƙa tunjere buɗe ƙofar lalata ne, wasu kuwa don shi Bayahude ne. A 1914 rigimar ta kai kotu a Frankfurt, inda aka ɗaure wani ɗan jarida shekara ɗaya saboda ɓata suna. A 1912 ya fito da mai lamba 914, wanda ya fi sauƙin narkewa. Waɗannan biyu su suka riƙe maganin tunjere har zuwan fenisilin a shekarun 1940.

Da yaƙi ya ɓarke a 1914, Ehrlich na cikin masana 93 na Jamus da suka sa hannu a takardar goyon bayan sojojin ƙasarsu. A ƙarshen shekarar ya sami ɗan shanyewar jiki. Ta sake bugunsa a watan Agustan 1915 a garin Bad Homburg, ya mutu ranar 20 ga watan yana da shekara 61. An binne shi a tsohuwar maƙabartar Yahudawa ta Frankfurt, kuma Behring ya halarci jana'izar.

A 1938 gwamnatin Nazi ta cire sunansa daga titin da cibiyarsa take. Matarsa Hedwig ta bar Jamus ta hanyar Suwizalan, ta mutu a Amurka a 1948. Bayan yaƙin aka mayar wa titin sunansa, aka sa wa cibiyar sunansa a 1947, daga baya hotonsa ya hau takardar kuɗi ta mak 200 har zuwan yuro. Cibiyar tana garin Langen yanzu, kudu da Frankfurt, kuma ita ce ke amincewa da kowane rukunin allurar riga-kafi kafin a yi wa mutane ita a Jamus, har da ta korona da 'yan Nijar da Najeriya mazauna ƙasar suka karɓa a 2021.